Awon Hannun Sarkin Baka

Tsamiyar Maharba, ranar Asabar

Zuwa ga mutumin Dubai,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan ƙalau. Mahaifinka ne, Mu'awiya Sarkin Baka. Ƙanwarka Wasila ke rubutawa.

Alhaji Ɗalhatu mai zuwa garinku saro takalma ya nuna mini wani baka a wayarsa, mai tayoyi sama da ƙasa kamar keken ɗinki. Ya ce ana sayarwa a can wajenku. Ka sayi ɗaya. Ina son sa kafin fitar farauta ta bayan girbi, don ka san daga gidanmu ake sakin kibiyar farko. Ka zaɓa da kyau. Wassalam.

Yaya, ni ce Wasila. Na ce ya yi maka magana a waya kawai, ya ce magana iska ce. Shi ya sa na ɗauki hoton takardar na turo.

International City, Dubai

Wasila,

Ina gaida Baba da Goggo Talatu da duk mutanen gida. Ki karanta wa Baba gaisuwar, sauran naki ne.

Tun da na zo garin nan nake ɗaure kayan mutane a kamfanin kago mai jigilar kaya a unguwar Naif, Baba bai taɓa aike na ko allura ba. Yau ya aike ni, kuma wallahi tsoro nake ji kar in kwafsa.

Na je shagon da ake sayar da bakan. Na ɗauka zan ce a ba ni baka, a miƙo mini, in biya in tafi. Ina! Bango guda ne cike da su, kowanne da igiyoyi a harɗe kamar bayan rediyo. Mai shagon, wani Balarabe mai fara'a, ya ce, “Habibi, wa zai ja?” Na ce mahaifina. Sai ya fara jero tambayoyi. Wane nauyi ƙarfinsa zai iya ja? Da dama yake ja ko da hagu? Wane idonsa ya fi ƙarfi? Wai ido ma akwai mai ƙarfi, sai ka ce ɗan dambe. Na tsaya ina kallon sa kamar an kai baƙauye filin jirgi.

Babbar maganar ita ce tsawon hannu. Ya ce wannan bakan ba irin namu ba ne da mutum zai ja iya son ransa. Ana saita shi ne a kan hannun mutum ɗaya, tsirkiyar ta zo daidai kuncinsa ta tsaya cak. In ba a auna ba, an yi aikin banza. Don Allah ki sa Baba ya buɗe hannuwansa, ki auna daga yatsa zuwa yatsa, ki turo mini.

Yayanki,
Maharazu

Tsamiyar Maharba, ranar Alhamis

Yaya,

Ina gaisuwa. Kowa lafiya, har da Baba. Ka riƙe wannan da kyau kafin ka karanta sauran.

Na aro tef wajen tela. Baba na ganin sa ya haɗe rai, ya ce tela ma da ido yake auna shi, mai rai ba a auna shi. Ya ƙwace ya cusa a aljihu.

Ni kuma da shegen wayona, na bari sai da ya yi azahar ya kishingiɗa a rumfa barci ya kwashe shi. Babu tef, sai na zaro kara daga dangar gida na durƙusa ina gwadawa a jikinsa. Yaya, wallahi ban tuna da kara ake auna gawa a kai wa masu haƙa kabari ba. Sai ga Goggo ta shigo da ƙwarya. Ta ga ɗan'uwanta a miƙe, ta gan ni da kara. Ƙwaryar ta tafi, salati ya tashi. Kafin in ce tak, matan maƙwabta sun cika gidan, wani har ya ruga kiran liman.

Baba ya farka ya tarar ana yi masa kuka. Ya tashi zaune ya ce, “Wa ya mutu?” Da ya gane, ya karɓi karan ya karya a gwiwa. Har yanzu ba ya amsa gaisuwata sai da ka.

Amma jiya ya ce in rubuta maka wannan, kuma kar in ƙara ko wasali: “Kar a sake auna ni. Ya auna nasa hannun. Nauyi, wanda ƙarfinsa zai ja. Ido ma nasa. Kuma ya ɗauko wanda ake ja da hagu.”

Ni dai ban gane ba. Allah ya sa kai ka gane.

Ƙanwarka,
Wasila

International City, Dubai

Wasila,

Gaisuwa ga kowa. Ki ba Goggo haƙuri. Na yi dariya har abokan kwanana suka leƙo, amma da na kai ƙarshen takardar dariyar ta tsaya.

Kaina ya ɗaure tamau. Na fi Baba tsawo nesa ba kusa ba, in aka saita a hannuna tsirkiyar bayan kunnensa za ta wuce. Sannan yaushe Baba ya fara ja da hagu? Ni ne bahagon gidan. Kina goye a lokacin, ba za ki sani ba. Ina yaro na ɗauki bakansa a gaban maharba na ja da hagu, ina jira a yaba mini. Ya karɓe ya ce a gidan nan ba a sakin kibiya da hannun tsarki. Aka yi dariya. Tun ranar ban sake taɓa tsirkiya ba, kuma abin bai taɓa barin raina ba.

To yanzu me yake nufi? Gatse yake mini? Ko ke ce kika juya maganar? Ko dai, Allah ya kiyaye, tsufa ne ya fara taɓa shi?

Duk da haka na koma shagon. Balaraben ya auna ni a jikin bango, ya sa na leƙa ta tsakanin tafukana, ya ce idona ma na hagu ne. Suna da wurin gwaji a baya. Ya miƙo mini bakan ya ce, “Yalla, ja mu gani.” Da farko tauri gare shi kamar zai tsinke mini kafaɗa, sai tayoyin suka juya, nauyin ya sauka gaba ɗaya. Na saki kibiyar. Ba ta sami tsakiya ba, amma ta kafe a allon. Wasila, sai da na juya baya don kar mutumin ya ga idona.

Yanzu ya ware mini biyu, na dama da na hagu, ya ce khalas, wato ya isa haka, in zaɓa, ya gaji da zaryata. Hankalina ya fi kwantawa da na dama, a rage masa tsawo da kintace. Amma in na saɓa wa Baba a aikensa na farko, da wane ido zan kalle shi? Ki sa masa ido ki gaya mini da wane hannu yake aiki yanzu. Ki kuma tambaye shi ko in ba wa Alhaji Ɗalhatu ya kawo ne, ko in sa a kago.

Yayanki,
Maharazu

Tsamiyar Maharba, ranar Talata

Yaya,

Ina gaisuwa. Na sa ido kamar yadda ka ce, kuma da ma ban sa ba.

Da dama yake cin tuwo, kamar kullum. Amma ba ya iya ɗaga ta sama da kafaɗa, hagun ma haka. Ashe Goggo ce ke sa masa riga kowace safiya, ta rufe ƙofa don kar mu gani. Na leƙa ɗakinsa, tsohon bakan yana rataye, tsirkiyar ta saki, har gizo-gizo ya yi saƙa a bakin kwarin. Hankalinsa kuwa garau yake, jiya ma ya raba rigimar gona.

Na kasa haƙuri na ce, “Baba, in ba dama ba hagu, wa zai ja bakan?” Sai ya ce in ɗauko takarda. Ga ta nan.

Wasila

Zuwa ga ɗana Maharazu,

Bayan sallama. An ce kana tambayar wa za ka ba ya kawo. Ba a aiko baka a kwali, mai shi ne ke ratayo shi a kafaɗa.

Na shaida wa maharba bana da hagu za a saki kibiyar farko. Wanda bai so ba ya zauna a gida.

An fara yankan dawa. Ka nemi hutu.

Mahaifinka,
Mu'awiya