Jan Fenti a Bangon Mma

Nima, Litinin

Yaya Saddique,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Fusena da yara. Tunda ka daina ɗaga wayata, ga takarda.

Duk masu awon filin Accra, kai aka samu ka shafa jan fenti a ɗakin Mma? Wai za a faɗaɗa gota, magudanar ruwan unguwa, sai an rushe shi. Ɗakin da Baba ya cika a ciki. Ka kafa na'urarka mai ƙafa uku a ƙofar gidanku, ko shiga gaida uwarka ba ka yi ba. Wallahi raina ya ɓaci. Dutsen iyakarmu yana nan bakin gota, makaho ma ya san wurinsa.

Ƙanwarka,
Hamdia

Alajo, Laraba

Hamdia,

Wa alaikumus salam. Bakinki na nan yadda na san shi.

Dutsen nan ba wurinsa ke nan ba. Baba ya tumɓuke shi muna yara, ya matsar da shi bakin gota don ya riƙa zama yana alwala. Ni na riƙe masa buta. A aikinmu, idan alama ta gushe, sai mutum ya tsaya ya auno abubuwa uku da aka san wurinsu a taswira, su nuna masa inda yake. Na auno hasumiyar masallaci, tankin ruwa da turken waya, har sau uku. Ɗakin ya hau hanyar ruwa da ƙafa bakwai.

Bara da likita ya ce a yanke ruɓaɓɓen sashen hanjin Mma don sauran ya tsira, ke kika sa hannu, ban zage ki ba. So kike damina ta ci gidan duka? Ban shiga ba ne don ba zan iya kallon idonta ba.

Allah ya huci zuciyarki.
Saddique

Nima, Juma'a

Yaya,

Gaisuwa. Likitan da kake faɗa, zama ya yi bakin gadonta ya gaya mata ido da ido, kuma ba ita ta haife shi ba.

Na karanta mata takardarka. Ta ce zancen dutsen gaskiya ne. Ta kwashe kayanta ta dawo ɗakina, ko hawaye babu. Ta ce kada baƙo ya taɓa bangon Baba. Kai za ka zo da guduma ranar Asabar ka rushe shi da hannunka, ita kuma za ta sa kujera ta zauna tana kallonka.

Ni dai ban huce ba. Sai ka zo.
Hamdia