Mama Ta Ga Fuskata

Yaya Lukmanu,

Na iske gajiyar hanyar Maruwa ta kwantar da kai, ga motar Maga da zan koma da ita ba ta jira, shi ya sa na bar maka wannan takarda. Albishirinka!

Jiya na mai da Mama lopital, wato asibiti, aka sake yi mata allurar cikin ido. Dokta ya ce ruwan da jijiyoyi ke zubarwa a bayan idon ya fara janyewa, shi ya sa baƙin tabon da ke tare mata tsakiyar gani ya ragu. Ba warkewa ba ce tukuna, kada mu tsallake randevun ganin dokta ko ɗaya.

Muna fitowa ta kama haɓata, ta ƙura min ido, ta ce, "Dela, haka kika rame ba wanda ya gaya min?" Na yi dariya har da hawaye a gaban masu moto, 'yan acaba.

Don Allah kada ka bari ta sa kwalli sai dokta ya yarda. Na ɓoye shi a aljihun babbar rigarka. Za ta lallashe ka, ka daure.

Kuma ka gyara sumar nan taka kafin Mama ta fito daga ɗaki. Yanzu fa tana gani.

Ƙanwarka,
Dela