Awarwaron Umma a Cikin Kofin Ruwa

Litinin, 3 ga Maris

Ni na jawo. Na zo gida da ƙaramin sikelin wajen aiki, wai in nuna musu abin da na karanta shekara huɗu. Yaya ta ce, “To malamar kimiyya, auna mana awarwaron Umma mu gani.” Wanda Baba ya ba ta kafin ya rasu. Shekara tara ba ta cire shi ba.

Nauyi: giram 42.6. Na cika kofi fal, na saka shi, na zuƙe ruwan da ya zuba a faranti da sirinji: mililita 5. Na raba nauyi da girma, 8.5. Zinariya zalla 19.3 ce, ko ta ado mai kyau ba ta kasa 15.

Sai bakina ya ce, “Ai wannan tagulla ce.” A gaban kowa.

Talata, 4 ga Maris

Umma ba ta mayar da shi ba. Akwai farin layi a hannunta inda yake zama.

Alhamis, 6 ga Maris

Na ɗauko shi daga aljihun madubinta, na sake gwadawa sau bakwai. 8.5, 8.4, 8.6. Ban taɓa roƙon Allah ya sa na yi kuskure ba sai yau.

Yaya: “Ke dai da za ki auna bakinki kafin ki buɗe.”

Abin da ke cina: ko an cuci Baba, ko ya sani. Ba ya nan balle ya kare kansa. Umma ta ce kawai, “Babanki bai iya ƙarya ba, auta,” ta ci gaba da ninke kaya.

Lahadi, 9 ga Maris

Na tuna wani abu daga aji biyu. In abu yana da rami a ciki, iskar ma tana shiga lissafin girma, sai amsar ta faɗi ƙasa. Awarwaron zinariya mai rami zai iya ba da 8.5. Wannan gaskiya ce, na duba littafi.

Amma da na ƙwanƙwasa shi a tebur, bai yi ƙarar abu mai rami ba... ban dai tabbata ba.

Laraba, 12 ga Maris

Na yi wa Umma bayanin rami da iska, har da zane. Ta ce, “Wato boko ma yana tuntuɓe?” Na ce sosai. Ta miƙo hannu, na saka mata da kaina.

Yaya ta ce a kai wa maƙerin zinariya, minti biyar ya raba gardama. Na ce layi ya yi yawa a shagonsa. Ban san ko akwai layi ba.

Na mayar da sikelin. A littafina, gurbin amsa, na bar shi fari.