Mutum Nawa a Jirgin

Litinin, 13 ga Nuwamba

Luko ya zo. Tun ranar da jirginsu ya kife, shi ya dawo, mijina Dinko bai dawo ba, ban yarda mun haɗa ido ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula. Wai yana cikin ruwa ya yi wa Waliyyi Nikola alkawarin hoton godiya, irin wanda masuntanmu ke ratayewa a coci idan sun tsira. Bikin waliyyin ya kusa, kuma ni kaɗai ce mai zane a tsibirin nan.

Na ce, "Godiyar me? Je ka birnin Split, masu zane sun fi kifi yawa."

Ya ce, "Ba su san tekunmu ba, Nevenka."

Na rufe ƙofa. Raina ya ɓaci har shayi ya ƙi shiga.

Alhamis, 16 ga Nuwamba

Na kasa zama. Daga taga zuwa murhu, daga murhu zuwa taga.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Na jiƙa takarda, wai in gwada hannu kawai. Fentin ruwa ba ya rufa wa kowa asiri, in ka yi kuskure ya zauna ke nan. Sama ta fito yadda nake so, toka-toka mai nauyi. Da na zo wajen jirgin sai komai ya jagule. Yayata Jelka ta leƙo ta ce, "Wannan teku ce ko ruwan wanke-wanke?" Bakinta sai ita.

Juma'a, 24 ga Nuwamba

Na koma fentin mai, shi ko ba komai ana iya shafewa. Amma ban san yadda abin ya faru ba. Ban taɓa tambaya ba, tsoron amsar nake ji. Dole na aika aka kira Luko.

Ya zauna a gefen kujera kamar wanda aka kawo ƙara. Ya ce iskar duwatsu ce ta sauko musu ba sallama, teku ta yi fari fat, injin ya mutu. Igiya ɗaya ce a hannu. Dinko ya ɗaure shi a jikin jarkar mai, yana ta zaginsa: "Kai jaki, shekara nawa kana su ba ka koyi iyo ba!"

Muryar Dinko sak a bakinsa. Na fita waje, na daɗe.

Laraba, 29 ga Nuwamba

Al'ada dai a fili take: hoton godiya na wanda ya tsira ne, ba a sa mamaci. Na zana mutum ɗaya. Luko ya duba ya duba, ya ce, "Ƙarya ne wannan. Ni kaɗai ai da yanzu kifi ya cinye ni."

Na ce Fada Mate, limamin cocinmu, ba zai rataya ba.

"To in rataya a wuyana."

Lahadi, 3 ga Disamba

Na sa Dinko a hoton. Bayansa kawai, ya sunkuya kan igiya. Fuskar na kasa, kuma ba na son kowa ya gan ta. Fenti bai bushe ba, ɗaki sai warin mai.

Laraba, 6 ga Disamba

Biki. Fada Mate ya tsaya gaban hoton, tsofaffin mata na ta ƙus-ƙus. Can ya juyo ya ce, "Ina ƙusa?" Luko ya hau tsani da kansa, ya rataye shi a karkace, ya ɓata hannun rigarsa da shuɗi. Ban gyara masa ba.

Da yamma ya kawo kifi, zai ajiye a bakin ƙofa ya juya. Na ce ya shigo, iska na shigar min gida. Ya zauna a kujerar Dinko, ban ce ya tashi ba. Na zuba masa miya.

Ba wai na huce ba ne. Miyar ce ta yi yawa.