Labarin da Na'urarku Ta Yanke a Tsakiya

Zuwa ga Manajan Cibiyar Tattara Labarai ta Kwamfuta,
Maiduguri.

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Allah ya ba da ikon ɗauka.

Bayan haka, sunana Hannatu, tsohuwar malamar firamare, mazauniyar Jiddari Polo. Ina cikin mutanen farko da suka ba da suna lokacin da ka buɗe cibiyarka. Sau uku ina zuwa ofishinka domin mu yi magana ido da ido, kowane zuwa sai a ce ka yi tafiya. Shi ya sa na rubuta wannan wasiƙa a buɗe, ko ta riske ka a inda kake.

Sai na fara da gaya maka ko ni wace ce, don ka gane abin da ya kawo tsohuwa irina gaban kwamfuta. Maigidana, Malam Yakubu, akawu ne har ya yi ritaya. Kullum da la'asar yakan zauna ƙarƙashin bishiyar maina a tsakar gidanmu, ya buɗe jarida yana karantawa da ƙarfi, ni kuma ina tsintar shinkafa ina yi masa gardama. Shekara uku ke nan da rasuwarsa. 'Yarmu tana aure a Jos. Ɗanmu Ishaku soja ne, an tura shi aikin kwantar da tarzoma a wata ƙasa can bakin teku, inda wasiƙarsa ke yin wata biyu a hanya, in ma ta iso. Gidan ɗaki huɗu ne, ni kaɗai ce a ciki. Wata rana sai yamma ta yi nake lura ban yi magana da kowa ba tun safe, in ban da kaji.

Jaridu suna iso mana a makare, rediyo kuwa ya faɗi jimla ɗaya game da ƙasar ya wuce. Da aka yi sanarwa a majami'a cewa akwai wurin da na'ura ke bin jaridun duniya ta intanet tana tsinto wa mutum abin da ya shafe shi, a buga masa a takarda, washegari na hau acaɓa na zo. Ban raina aikinku ba, kuma har yanzu ban raina ba. Amma ga abubuwan da suka same ni.

Na ɗaya: zaɓin da kuka ɗora mini.

Akawunku, Malama Falmata, mace mai haƙuri da fara'a, ta shimfiɗa mini tsari biyu. Na farko yana kawo kanun labarai daga jaridu masu yawa kowace safiya, amma kai kawai da layi ɗaya a ƙarƙashinsa. Na biyu yana kawo labari cikakke, amma daga jaridu uku rak, sau biyu a mako. Na ce ina son a haɗa mini, kanu daga ko'ina, cikakke a kan ƙasar da ɗana yake. Ta ce na'urar ba ta iya haka, kowane tsari da nasa ɗaki. Na zaɓi kanu, domin tsoron kada wani abu ya wuce ni.

Cikin mako biyu takardu suka cika teburin maigidana. Labari guda sai ya zo sau biyar da kalmomi daban, domin jaridu biyar sun ɗauko shi daga wuri ɗaya. Ranar farko da na ga an rubuta harin wani gari sau biyar, na ɗauka hari biyar aka kai, ban iya cin abinci ba. Ban da haka, sunan ƙasar da na bayar yana jawo mini har sakamakon ƙwallon ƙafa da farashin kifi. Idona ba na da ba ne, da tabarau nake karatu. Takardun da ban karanta ba suka riƙa taruwa, in na wuce ta gefensu sai in ji kamar littattafan 'yan aji ne da ban duba ba.

Na biyu: abin da ake yi wa wanda ya sauya tsari.

Da na gaji, na koma tsarin cikakken labari. Kafin nan, wata guda na yi ina gyara jerin jaridu da sunayen garuruwan da Ishaku ya ambata a wasiƙunsa, ina cire wannan ina ƙara wancan. Ranar da na sauya, duk jerin ya ɓace. Malama Falmata ta ce tsarin nan ba ya karanta abin da aka rubuta a wancan. Ba wanda ya gargaɗe ni tun farko, da na kwafe a littafina. Na sake daga tushe, abin da na iya tunawa. Sai kuma ta bayyana cewa jaridu ukun nan ba su cika damuwa da ƙasar ba, a yi mako guda ba su ambace ta ba. Shirun ya fi tarin takardun ciwo. Na dawo tsarin kanu, jerin ya sake ɓacewa karo na biyu.

Na uku, kuma shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa.

Wata safiyar Talata, farkon damina, na karɓi takardata na zauna a bencin da ke ƙofarku. A shafi na biyu na ga kan labari cewa an yi wa sojojinmu kwanton ɓauna. Layin da ke ƙasa ya ce an bayyana sunan Kofur Ishaku Yakubu cikin waɗanda suka. Nan ya tsaya. Ɗigo uku ne suka biyo baya.

Ranka ya daɗe, cikin waɗanda suka me? Suka mutu? Suka ji rauni? Suka tsira? Na'urarku tana ƙirga haruffa, in sun cika ta yanke, ba ruwanta da inda wuƙar ta faɗa.

Na shiga ciki da takardar a hannu. Malama Falmata ta karanta, ta dube ni, ta ce, "Mama, zauna, yanzu zan nemo miki sauran." Ta yi ta bugawa, layin tarho ya ƙi shiga. Daga baya wuta ta ɗauke. Na zauna har kuka tashi. Washegari layin bai dawo ba, haka jibi. A rana ta huɗu ya dawo, sai ta tarar na'urar ta share labaran ranar Talata, domin an tsara ta ne duk abin da aka buga a takarda ta ɗauke shi an karanta, ta zubar, har da alamar da ke nuna daga wace jarida ya fito. Takardar da ke hannuna ma ba sunan jarida a jikinta. Baiwar Allah ta bi jaridun ɗaya bayan ɗaya, ba ta samu ba. Da hawaye ta gaya mini. Ba laifinta ba ne, kuma ina roƙon kada wannan wasiƙa ta jawo mata faɗa.

Na je bariki sau biyu, aka ce ba a aiko musu da komai ba, in koma gida in jira. Na koma. Ban gaya wa 'yata ba, tana da tsohon ciki. Matan zumuntar majami'armu sun zo ranar Lahadi sun yi addu'a, sun tafi gidajensu, haka ya kamata, kowa da nasa. Sauran kwanakin ni da takardar nan ne. Na karanta layin har ya daina zama kalmomi. Nakan ɗauki fensir in ƙarasa jimlar da kaina, in rubuta "tsira", sai in goge don kada in yi wa Allah shisshigi. Na wanke kayan Ishaku na shanya, ban san ko na mai dawowa nake wankewa ba ko na wanda za a raba wa dangi. Kwana goma sha uku ina cikin wannan hali.

Ba na'urarku ce ta fitar da ni ba. Wani dattijo ne, Ba Modu, dillalin shanu daga Ajilari, wanda muka saba a bencin ƙofarku. Shi ba ya karatun boko. Yakan karɓi takardarsa ta labarin kasuwannin dabbobi da na ruwan sama, ya miƙo mini da gaisuwarsu ta Kanuri ya ce, "Wushe, Malama, a taimaka wa tsoho," ni kuma in fassara masa da Hausa. Ranar da ya ga halin da nake ciki, ya sa na karanta masa layin sau biyu, sannan ya ce, "In da rai, an kawo shi Ikko. Surukina yana can da shanu." Ya shiga rumfar tarho ya bar saƙo. Surukin nan, wanda bai taɓa ganina ba, ya bar cinikinsa ya yi kwana biyu yana bin asibitocin soja. Ya sami Ishaku a kwance, an yanke masa ƙafar hagu daga gwiwa, amma yana magana, har yana tambaya ko an gaya wa mamarsa. Ba Modu da kansa ya zo har ƙofar gidana da rana tsaka, ya tsaya a waje, ya ce, "Malama, ɗanki yana da rai." Ban san lokacin da na durƙusa a ƙasa ba.

Na huɗu: bencin.

Bayan wannan da 'yan makonni na zo na tarar an ɗauke bencin, an buɗe taga ta gefen titi, an manna sanarwa cewa kowa ya karɓi takardarsa ya wuce, zama yana kawo cunkoso. Mu shida ne ko bakwai masu zama a wurin, duk tsofaffi. Akwai tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa daga Mafoni da ke bin labarin fansho, akwai wata ungozoma da ɗanta ke karatu a ƙasar waje. Ba mu taɓa toshe wa kowa hanya ba. A wurin nan kaɗai nake karanta labari da ƙarfi wani ya ce mini ba haka ba ne, kamar yadda nake yi wa maigidana. Tunda aka ɗauke shi, Ba Modu ya daina zuwa, don takardar da ba mai karanta masa ba ta da amfani a gare shi. Na je Ajilari sau ɗaya na yi masa godiya a gaban iyalinsa, suka karɓe ni hannu bibbiyu. Amma ka san ba zai kyautu macen da mijinta ya rasu ta mai da gidan mutum wurin zuwa ba. Sauran kuwa ban ma san gidajensu ba. Yanzu nakan karɓi takardata ta taga, in ninke, in hau acaɓa, in karanta a gida ba mai ji.

Saboda haka, ga abin da nake roƙo.

A hana na'urar yanke jimla a tsakiya. In wuri bai isa ba, ta tsaya a kan labarin kawai, ya fi rabin magana. Kowane labari a rubuta sunan jaridar da ya fito a gefensa, kuma a ajiye labaran ko na wata guda ne kafin a share. Wanda zai sauya tsari a buga masa jerinsa a takarda ya riƙe. A nemi hanyar da labari ɗaya ba zai zo sau biyar ba. In ba za a iya haɗa tsarin biyu ba, to a yarda duk wanda ya ga sunan nasa a kan labari a nemo masa cikakken a ranar, kafin komai. Kuma a dawo da bencin. In wurin ne ya yi kaɗan, akwai inuwa a bayan ginin, mu ba ma zaɓe.

Ba don kaina kawai nake wannan roƙo ba. Ishaku zai dawo gida kafin Kirsimeti, in Allah ya yarda, na riga na sa kafinta ya gyara matakalar ƙofar ɗakinsa. Amma abokan aikinsa suna can, kuma na ga iyayensu mata a layin tagarku. Makon jiya Malama Falmata ta ce mini tunda ɗana ya bar ƙasar, sai a cire sunanta daga jerina, ta tambaye ni wace kalma za ta sa a madadinta. Na tsaya a tagar nan, mutane suna jira a bayana. Shekara biyu ban nemi labarin komai a duniya ba sai na wuri ɗaya. Daga ƙarshe na ce ta bar sunan yadda yake, akwai 'ya'yan mutane a can.

Allah ya albarkaci sana'arka, ya tsare maka 'ya'yanka a duk inda suke, kada ya nuna maka ranar da za ka ga sunan ɗanka a takarda ka rasa ƙarshen maganar. Ya ba ka zuciyar sauraron tsofaffi. Amin.

Wassalam.

Taka mai fatan alheri,
Malama Hannatu,
Jiddari Polo, Maiduguri.