Kabad ɗin Matar Bature

Kuyello, 4 ga Mayu, 1923

Zuwa ga ƙanena Nababa kafinta,

Gaisuwa mai yawa. Muna nan rangadi, ni da tukwanen Bature, ƙafafuna duk sun kumbura. Kabad ɗinsa na bariki gara ta ci masa ƙafa ɗaya. Ni na tsaya maka, na ce ƙanena gwani ne. Ka gyara ƙafar kafin mu dawo. Shekarata goma sha ɗaya a aikin kukun nan, kada ka ja mini kora.

Yayanka, Salmanu

Birnin Gwari, 15 ga Mayu

Yaya Salmanu,

Ina gaisuwa da ladabi. Ƙafa ta gyaru. Amma wa ya yi wa kabad ɗin nan fenti? Ja nan, shuɗi can, layuka a karkace, sawun burushi ko'ina, wani wurin ma katako tsirara. Kunya ta kama ni a madadinsa. Kwana uku ina kankarewa, na shafe shi da kore sumul. Bayan ƙofar kabad ɗin kaɗai na bari, fenti ya ƙare, ni ma na gaji. Kada ka gaya wa Bature, ya gani da idonsa.

Ƙanenka, Nababa

Kuyello, 20 ga Mayu

Nababa,

Ina gaishe ka, don dole. Ka kashe ni. Wannan karkacewar da gangan aka yi ta. A Landan akwai wani shago na masu zane, haka suke fentin kujeru da tebura, hannu ya fito a fili. Matar Bature a can ta yi aiki, ita ta zana kabad ɗin nan kafin ta rasu. Kullum da kansa yake goge shi. Ko faɗa ba ni da ƙarfin yi maka. Ka tafi Kakangi wajen Inna har in neme ka.

Salmanu

Birnin Gwari, 2 ga Yuni

Nababa,

A gaida Inna. Mun dawo, na faɗa wa Bature gaskiya tun a hanya. Bai yi tsawa ba. Ya buɗe ƙofar, ya daɗe a tsaye yana kallon bayanta, inda zanen matarsa ya rage. Maganar aikina bai ce komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Ya ce ka zo ka cire masa ƙofar a hankali. Sauran kabad ɗin ka ɗauka, wai naka ne, tunda aikinka ne.

Ka huta lafiya.

Salmanu