Ranar da Inna ta Kira Sunanka

Assalamu alaikum, Yaya Sada.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya Kaduna, ya aiki? Mutanen Ruma duk suna gaishe ka. Gero ya yi kyau bana, alhamdu lillahi.

Motar majigin En'e ta zo Batsari ranar kasuwa, aka ce za a nuna yadda ake shiri a gidan rediyo. Inna ta ce sai ta je, tsohuwar da ko biki ba ta zuwa. Na ɗora ta a jaki muka tafi.

Aka kafa farin ƙyalle. Muka ga ɗaki cike da mutane: masu kalangu, wani mai ban dariya yana kwaikwayon tsohuwa, wani kuma yana kaɗa tsakuwa a kwano wai don a ji kamar ruwan sama. Kowa na jiran a nuna shi da yatsa ya matso gaban ƙarfen magana. Hoton ba murya, sai mai bayani ke ta zuba a lasifika.

Sai ga ka riƙe da gurmi. Bakinka na motsi, mu ba ma jin komai.

Ka san halin Inna. Kai ne ɗan farinta, ba ta taɓa kama sunanka ba, kullum sai "yaron nan". Ko ranar da Malam ya fasa maka gurmi ya ce ɗan malami ba ya roƙo, ka sa kai ka fita, tankaɗenta ta ci gaba da yi.

Yaya, a tsakiyar mata ta miƙe tsaye ta ce, "Sada!" Ta sake maimaitawa. Mata suka rufe baki. Wallahi kuka na yi, ban ji kunyar kowa ba.

Da safe na kai wa Malam labari ina jiran faɗa. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ya rame?"

Idanunsa sun fara dushewa, yanzu ni nake karanta masa littattafansa. Fushin ya isa haka. Taurin kan nan naka ai a wurinsa ka gada, shi ba zai aiko ba, kai ne ƙarami. Ka zo tun yana iya gane fuskarka. Gurmin ma ka taho da shi, sai mu ɓoye a ɗakin Inna.

Allah ya sassauta zukata, ya kawo mana kai lafiya, ya sa Malam ya duba da idonsa ko ka rame. Amin.

Ƙanenka mai kewarka,
Iro